Gidan tarihin jiragen ƙasa na York: ina shirin kai mahaifina, tsohon fayaman

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwa mazauna Ingila, musamman waɗanda suka taɓa shiga gidan tarihin jiragen ƙasa da ke birnin York. Ni ɗalibi ne a Leeds, kuma in Allah ya yarda mahaifina zai zo bikin kammala karatuna a watan Yuli, zai yi mako 2 tare da mu. Tsohon ma'aikacin reluwe ne. Ya fara da goge injin a loko ta Zariya tun yana saurayi, daga nan ya zama fayaman, wato mai zuba kwal a murhun injin, a jiragen kwal, ya yi shekaru yana kai da kawowa tsakanin Kano da Zariya da Kaduna da Minna, sannan da injinan dizal suka karɓe aiki aka sake horar da shi, ya yi tuƙi har ya ajiye aiki. Yanzu shekarunsa sun haura 80, gwiwoyinsa ba sa jure doguwar tsayuwa, amma hankalinsa garau yake, kuma har gobe idan aka ɗauko masa hirar jirgi sai abinci ya huce a gabansa.

Na ware yini guda don wannan ziyara, sai dai abubuwa sun ɗaure mini kai. An ce mini gidan yana da reshe a wani gari da ake kira Shildon, kuma wai mafi tsufan injinan suna can, don haka na rasa inda ya fi dacewa da mu. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne, a hotunan da na gani, injinan duk a tsaye suke cikin rumfa, an wanke su an goge suna ƙyalli, babu wuta babu hayaƙi. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa a bakin murhun jirgi, ina tsoron kada in ɗauko shi tun daga Zariya in kai shi ya kalli abin da a wurinsa bai wuce gawa ba. Ina roƙon wanda ya san wurin ya gaya mini abin da ya kamata mu fara gani da abin da za mu iya tsallakewa, ko tafiyar ƙafa tana da yawa, da yadda ake yi da salla da abinci. Idan kuma akwai inda ake ganin irin waɗannan injina da wuta a cikinsu suna jan tarago, wannan ma ina so in sani.

Baban Hauwa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya kawo Baba lafiya, ya kuma sa albarka a karatun. Na je gidan nan ya fi sau 5, domin aikina na injiniya ne kuma yarana suna son wurin. Amsar tambayarka ta farko ita ce York, ba tare da wani dogon tunani ba. Daga Leeds jirgi yana kai ka cikin ƙasa da rabin awa, gidan kuma yana bayan tasha ne, a titin Leeman, a inda tsohuwar loko ta York take kafin a mayar da ita gidan tarihi a 1975. Shiga kyauta ne, illa dai za su nemi gudummawa a bakin ƙofa, wanda ya ga dama ya bayar. Shildon yana da nasa girman: a can aka ajiye Locomotion No. 1, injin da ya ja jirgin buɗe layin Stockton da Darlington ranar 27 ga Satumba, 1825, kuma a 2023 aka kai ainihin injin nan mai suna Rocket na 1829 can. Amma zuwa Shildon sai an sauka a Darlington an canza jirgi, kuma waɗannan injina na zamanin farko ba su yi kama da abin da Baba ya sani ba. Su na masu son asalin abu ne, shi kuwa abin da zai motsa shi yana York.

Da kun shiga babban zaure, inda injina suka kewaye faifan da ake juya kan jirgi a kansa, idonka zai tafi kan wani shuɗi mai sulɓi, wato Mallard, kuma a nan ne jama'a suka fi cunkushewa. Sir Nigel Gresley ne ya tsara shi, aka ƙera shi a Doncaster a 1938, kuma ranar 3 ga Yuli na wannan shekara ya yi gudun mil 126 a awa, wato kilomita 203, a gangarar Stoke da ke kudu da Grantham. Har yau babu injin tururi da aka tabbatar ya wuce wannan. Taragon da aka ɗora na'urorin awo a cikinsa a ranar shi ma yana cikin kayan gidan. Sai dai ni a ganina labarin ya fi daɗi idan aka faɗe shi cikakke. Gudun a gangara aka yi shi, na ɗan lokaci ƙanƙani, kuma a 1936 wani injin Jamus ya riga ya yi kilomita 200 da ɗoriya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, don haka tazarar ba ta kai yadda ake kururutawa ba. Mallard bai ma ƙarasa Landan da ƙafarsa a ranar ba, domin gaɓar babbar sandar silindar tsakiya ta yi zafi har farin ƙarfen da ke cikinta ya narke, aka cire shi a Peterborough. Masu ƙira sun san raunin wurin tun farko, shi ya sa suka dasa wani ɗan ƙunshi mai wari a cikin gaɓar, wanda zai fashe idan zafi ya yi yawa don direba ya ji a hancinsa ya rage gudu.

Shawarata ita ce ku gaisa da Mallard ku wuce, ku nemi wani injin da ake kira Ellerman Lines. An ƙera shi a 1949, an tsamo shi daga filin yankan tsofaffin ƙarafa na Barry a Wales, sannan aka tsaga gefensa guda daga kai har gindi, aka fente kayan cikin da launuka dabam-dabam. A nan mutum yake ganin murhu, da tarin bututun da zafin wuta yake bi ta cikinsu yana ratsa ruwan tukunya, da inda tururi yake taruwa a sama, da hanyar da yake bi ya shiga silinda ya tura fistin, fistin ya tura sandar da ke juya ƙafafu. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙarshen tafiyar tururin: bayan ya gama aikinsa ba a sake shi haka kawai, ana harba shi ta cikin bututun hayaƙi, harbin kuma yana zuƙo iska ta ƙarƙashin wuta. Ke nan duk lokacin da injin ya ƙara wahala, wutarsa tana ƙara ruruwa da kanta, kuma wannan fitar tururi ita ce ƙarar da kowa ya san jirgin kwal da ita. Dabarar bututu masu yawa a cikin tukunya tare da wannan harbi ita ce ta sa Rocket, mai bututun jan ƙarfe 25, ya cinye gasar injina ta Rainhill a 1829 da kyautar fam 500, kuma a kanta aka ci gaba da gini har zuwa Evening Star, injin tururi na ƙarshe da hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta ƙera, a Swindon a 1960. Shi wannan shekara 5 kacal ya yi yana aiki aka jingine shi, domin an riga an yanke shawarar komawa dizal da lantarki, kuma a watan Agusta na 1968 tururi ya ƙare a manyan layukan ƙasar.

Kada ka sa ran samun shahararren injin tururin nan Flying Scotsman a gida. Mallakar gidan ne tun 2004, amma da yake yana aiki, yawancin lokaci yana yawo a wasu layukan. Akwai kuma kan jirgin Shinkansen mai tsananin gudu na Japan da aka kawo a 2001, da taragun sarauta a ɗaya zauren, har da na Sarauniya Victoria na 1869, waɗanda za ku iya gani cikin minti kaɗan idan ƙarfi ya rage. An daɗe ana gine-gine da gyare-gyare a harabar, don haka ka duba shafinsu kwana 2 kafin tafiya ka ga zauren da yake buɗe da kuma ƙofar da ake shiga.

Dattijon Kafanchan:

Ɗana, jikata ce ta karanta mini tambayarka, ita ce kuma take rubuta wannan amsa da bakina. Ka gaishe mini da mahaifinka, domin ko ban san shi ba, abokin aikina ne: ni ma na yi fayaman, a Kafanchan da Makurɗi da Inugu, kuma na shiga gidan nan na York shekarun baya lokacin da na je ganin 'yata. Injiniya ya yi bayani mai kyau, Allah ya saka masa, amma zan saɓa masa a wuri guda, kuma zan ba ka gaskiya a kan tsoron da ka faɗa.

Gaskiya ne, injin da babu wuta a cikinsa ba shi ne wanda muka sani ba. Mu mun san shi da zafi da ƙurar kwal a ido da warin baƙin mai, mun san shi da tashin asuba, domin tukunyar da ta huce sai an ɗauki awoyi ana hura ta a hankali kafin allurar awo ta motsa, ba a gaggauta mata don kada ƙarfe ya tsage. A York na tsaya a gaban waɗannan injina na ga ko ɗigon mai babu a ƙarƙashinsu, na ce wa 'yata ko amarya ba a yi wa wannan kwalliya. Amma ban yi nadamar zuwa ba, kuma dalilin shi ne injin nan da aka tsaga. Na yi shekaru ina zuba kwal a murhu, na san rufin murhu yana nan, na san akwai toshiyar dalma a jikinsa wadda za ta narke idan ruwa ya sauka ƙasa da rufin, tururi ya feso cikin wuta ya tona asirin fayaman. Na san wannan da ka, kuma idona bai taɓa barin gilashin ruwa ba saboda tsoronsa, musamman idan jirgi ya gama hawa ya fara gangara, ruwa ya gudu gaba ya bar bayan tukunya. Amma ban taɓa ganin rufin da ruwan da ke kansa daga gefe ba sai a ranar, ina da furfura. Na daɗe a wurin ina auna tazarar da yatsa.

Inda na saɓa wa Injiniya shi ne maganar a gaisa da Mallard a wuce. Kada ku wuce. Shi yana kallon lissafin gudu, yana cewa gangara ce ta taimaka, ni kuwa ina kallon bakin murhu. Gudun da aka yi a gangara ai a hawan da ke gabanta aka tara shi, kuma babu direban da zai buɗe tururi har ƙarshe sai in ya amince da wanda ke bayansa da shebur. Zuba kwal ba watsa shi ake yi ba. Kowace shebur tana da inda za ta sauka, kusurwoyin baya da gefuna da ƙarƙashin ƙofa, a shimfiɗa shi ba kauri ba, domin idan ya yi kauri iska ba ta ratsa shi, hayaƙi ya yi baƙi, allura ta faɗi, idan kuma rami ya buɗe a cikin wutar iska mai sanyi ta shiga ta lalata aikin. Duk wannan a tsaye ake yin sa a kan ƙarfen da yake girgiza, da hannu ɗaya kuma kana lura da injekta, na'urar da ke tura ruwa cikin tukunya, don ruwa ya shiga. Ka kai mahaifinka wurin matakalar da aka kafa don leƙa mazaunin direba, ka bar shi ya duba tazarar da ke tsakanin kwal da ƙofar murhu, shi zai gaya maka ko aikin mutum nawa ne.

Abu na ƙarshe, kada ka bi shi da karanta masa allunan bayani. Ka tsaya a bayansa ka yi shiru. Ni da na fara yi wa 'yata bayani da Hausa ina nuni da sanda, sai ga wani tsohon Bature daga cikin masu aikin sa kai na gidan ya matso, ashe shi ma tsohon fayaman ne, muka yi ta hira rabi da baki rabi da hannu. Ya tambaye ni irin kwal ɗin da muke ƙonawa, na ce masa na Inugu, wanda saboda shi aka ja dogo daga Fatakwal a 1916, na kuma gaya masa yadda muke fama da toka. Shi kuma ya ba ni labarin wani abin da ban taɓa ji ba, cewa a manyan layukansu akwai dogayen kwatamai na ruwa a tsakanin kwangiri, jirgi yana cikin gudu fayaman ya saukar da wani ludayi ya kamfaci ruwa ba tare da an tsaya ba. Mu kuwa sai mun tsaya a ƙarƙashin tanki.

Maman Yusra:

Malam, ni a York nake zaune, don haka zan taƙaita a kan abin da ya shafi hidimar dattijo. Zauren ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai faɗi, akwai wuraren zama jefi-jefi, amma girmansa yana yaudarar mutum, sai an fito ake jin gajiya. Ku iso da buɗewa a ranar aiki, kuma in da hali kafin makarantu su tafi hutun bazara a ƙarshen Yuli, domin bayan haka yara suna cika wurin. Awa 3 ta ishi mai shekarunsa. Ka zo masa da rigar sanyi mara nauyi ko da rana ta fito, domin rumfar ƙarfe ce babba. Akwai wurin shan shayi a ciki, amma mu da guzurinmu muke zuwa, ya fi kwanciyar hankali. Masallacin York yana titin Bull Lane, a ɗaya gefen gari, don haka da tasi za ku je, kuma da yake a Yuli lokacin azahar yana da tsawo ƙwarai, za ku iya gama kallo ku same ta ba tare da gaggawa ba.

Game da injin mai wuta, abin da kake nema shi ne layin North Yorkshire Moors, wanda yake tashi daga Pickering zuwa Grosmont, tsawon mil 18, wasu jiragen kuma suna zarcewa har Whitby a bakin teku. Tsohon layi ne na 1836 wanda aka fara da dawakai, aka rufe shi a 1965, masu sha'awa suka farfaɗo da shi a 1973, kuma da bazara kusan kullum jiragen tururi suna tafiya a kansa. Na kuɗi ne, kuma ba shi da arha. Pickering ba shi da jirgin da ke zuwa daga York, sai dai motar bas ta Coastliner mai lamba 840, wadda ma daga Leeds take tasowa. Ba na ba da shawarar a haɗa shi da gidan tarihi a yini guda, zai galabaitar da Baba. Ka ƙara yini na biyu, ka bar kwana 1 ko 2 a tsakani ya huta. Idan kun je, ku zauna a taragon da ya fi kusa da injin a hanyar dawowa daga Grosmont, domin daga can zuwa Goathland hawa ne mai tsanani, ƙafa 1 a cikin kowace 49, kuma a nan ake jin injin yana aiki da gaske. A Grosmont ɗin akwai rumfar gyara da ake bi ta wani tsohon ramin dutse a isa, inda ake ganin kwal da toka da makanikai cikin baƙin mai. Ka tabbatar lokacin sayen tikiti cewa jirgin da kuka zaɓa na tururi ne, domin wasu dizal ke ja, musamman idan an yi fari ana tsoron tartsatsi ya kunna daji.

Baban Hauwa:

Baba na Kafanchan, na karɓi gyara, Allah ya ƙara girma. Ni a takarda na san tukunya, kai kuwa ka sha zafinta. Direban Mallard a ranar Joe Duddington ne, yana da shekara 61, fayaman kuma Thomas Bray, shi kaɗai, kuma gaskiyarka ne cewa sunansa ba ya yawo kamar na injin da na wanda ya tsara shi. Akwai ma wani abu da ya shafi wannan: a 1928 aka fara tafiyar Landan zuwa Edinburgh, mil 392, ba tare da tsayawa ba, kuma da yake direba da fayaman guda ba za su iya wannan ba, sai Gresley ya sa aka yi wani siririn lungu mai faɗin inci 18 ta cikin taragon kwal da ruwa, don ma'aikata na biyu su ratso daga cikin jirgi su karɓi aiki ana cikin tafiya.

Maganar Baba ta tuna mini da abin da na manta, wanda kuma ya fi kusa da gida. A babban zauren akwai wani baƙin injin da ya fi duk na kusa da shi tsayi, mai lamba KF7. An ƙera shi a 1935 don layin dogo na ƙasar Sin, gwamnatin Sin ta mayar da shi kyauta a 1981, kuma ya fi ƙarfin gadoji da ramukan layukan Birtaniya. Malam, ka duba farantin da ke jikinsa, za ka ga sunan masana'antar Vulcan Foundry ta Newton-le-Willows. Wannan masana'anta ita ce ta ƙera wa Najeriya injinan da aka sa wa sunayen koguna tun daga 1948, don haka da wuya a ce mahaifinka bai goge irin wannan faranti da hannunsa a Zariya ba.

Abin da zai lura da shi nan take shi ne faɗin dogo. Na Birtaniya ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi, tsohon namu kuwa ƙafa 3 da inci 6, wanda Turawan mulki suka zaɓa saboda ya fi arha kuma yana jure lanƙwasa mai tsanani. Dogon da ya taso daga Baro, a bakin kogin Neja, ya iso Kano a 1911 ba don gudu aka ja shi ba, don ɗaukar kaya ne zuwa bakin ruwa, auduga suka yi tsammani, gyaɗa ta zo ta mamaye. Shi ya sa injinanmu suke da ƙafafu ƙanana masu yawa don jan nauyi, Mallard kuwa tsayin ƙafarsa ta tuƙi ƙafa 6 ne da inci 8. Su ma Turawan sai da suka yi rigimar faɗi a tsakaninsu, domin injiniya Brunel ya shimfiɗa layin yammacin Ingila a kan ƙafa 7 da ɗan ɗoriya, majalisa ta yi doka a 1846, amma ba a gama cire faffaɗan dogon ba sai 1892. Faɗin da za ku gani a York shi ne na layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Wanda yake son ganin injin mai irin faɗin tsohon layinmu, akwai wani ƙaton injin tururi samfurin Garratt na Afirka ta Kudu a gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Manchesta, garin da kamfanin Beyer Peacock ya ƙera shi, kuma Najeriya ma ta yi aiki da irinsu. A gida kuma, ga wanda Legas ta fi masa kusa da York, akwai ɗan ƙaramin gidan tarihi na Jaekel House a harabar reluwe ta Ebute Metta, mai hotuna da kayan aiki na da.

Ɗan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba na Kafanchan, na isar da gaisuwarka, yana amsawa, ya ce a tambaye ka ko ka taɓa hawa da kaya daga Kafanchan zuwa Jos da damina, lokacin da dogo yake santsi yashi kuma ya jiƙe a akwati. Na karanta masa amsoshin duka ta waya jiya bayan isha'i. Maganar mil 126 ba ta dame shi ba, cewa ya yi wanda ba ya jan gyaɗa ai dole ya yi gudu. Amma da na zo kan lungun da ake ratsawa ta cikin taragon kwal sai ya sa na maimaita, ya yi ta tambaya ta ina ruwan yake zama idan an cire masa inci 18, har ya ce in nemo masa zanen. Sunan Vulcan kuma ya riga ni ƙarasa shi.

Na tsayar da shawara kamar yadda Hajiya ta ce: York ranar Talata da safe, Pickering ranar Alhamis, Shildon kuma sai wani jiƙon. Ya ce zai zo da tsohuwar hularsa ta aiki da takardar shaidar da aka ba shi lokacin da ya ci jarrabawar fayaman, ko zai dace da irin Baturen da Baba na Kafanchan ya haɗu da shi. Saura tambaya guda, Hajiya, tunda ke ce a kusa: a Pickering ko Grosmont, idan injin ya tsaya shan ruwa, ana barin mutum ya matsa kusa ya yi magana da fayaman? Ya ce ba hawa yake so ya yi ba, so yake a buɗe masa ƙofar murhu ya ga yadda suke shimfiɗa wutarsu.